Gidan da Muka Yi wa Yaji

Tun kafin su kore ni na riga na yanke shawarar barin aikin. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: sun riga ni.

Kai kaya nake yi a babur. Kamfanin ba ka ganin kowa nasa, waya ce ubangidanka. Ta yi ƙara ka tashi, ta ce dama ka yi dama, ta ce ka makara ko da tirela ce ta faɗi ta tare hanya a gabanka. Ranar da na bar makaranta na ɗauka na rabu da masu ba ni maki har abada. Ashe gaba na yi. A wannan aikin duk wanda ka miƙa wa leda malaminka ne, ya danna maka taurari yadda ya ga dama, ko bai kalli fuskarka ba. Malamin makaranta ko ba komai ya san sunanka kafin ya kayar da kai.

A ƙarƙashin gada muke zaman jiran oda, mu mahayan yankin. Babbanmu shi ne Tsoho, wanda ya fara aikin tun kamfanin na rabon hular kwano kyauta. Sai abokina Birki, wanda aka sa wa sunan saboda abin da babur ɗinsa ba shi da shi. Ni kuwa Kafinta suke ce min, don kullum ina faɗin zan ajiye akwatin kamfani in koma shagon Kawuna.

"Kafinta, yaushe za ka haɗa mana benci?" in ji Birki, duk sanda ya ga na ɓata rai. "Duwawunmu sun gaji da wannan dutsen."

Ba su san na riga na yi magana da Kawu ba. Ƙanin Inna ne, yana sa ƙofofi da kabad a gidajen mutane. Ya ce in zo ƙarshen wata ya gwada ni. Na tsara yadda zan tafi: in kashe manhajar da hannuna a gaban kowa, in ɗora akwatin a kan teburin ofis, in juya ba sallama.

Sai Hawa Biyar ya shigo cikin lissafin.

Mu kwastomomi ba da sunansu muke saninsu ba, da halinsu ne. Shi wannan yana can hawa na biyar, ƙololuwar wani dogon gida da lif ɗinsa ya daɗe da mutuwa, kuma bai taɓa saukowa ko taki ɗaya ya tari kayansa ba. Ran nan takalma na kai masa a kwali. Dokar aikin ita ce mai kaya ya karanto maka lambar da aka tura masa, ka danna a wayarka, shi ne shaidar ka miƙa. Ya buɗe ƙofa da waya a kunne, ya karɓi kwalin, ya ɗaga min yatsa.

"Ina magana da mutane. Sauka, zan turo maka lambar."

Ya rufe ƙofa. Wayata kuma ta soma kukan wata odar, in na tsaya ta rubuta min lalaci. Duk mahayi ya taɓa yin haka da tsohon kwastoma. Na sauka.

Kafin yamma manhajar ta rufe. Abin da ya rage a fuskarta shi ne an dakatar da ni, wai mai kaya ya ce kayansa ba su iso ba, an kuma mayar masa da kuɗinsa.

Washegari na tafi ofis. Ɗaki ne guda, da wata budurwa a bayan gilashi tana cin gyaɗa.

"Ba ni na rufe ka ba," ta ce. "Na'ura ce."

"To kira min na'urar, ina da magana da ita."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ba wasa nake ba. Ta ce hanya ɗaya ce, mai ƙorafin ya janye da kansa daga wayarsa. In bai janye ba, abin da ke rubuce a kaina shi ne na karɓi kaya ban kai ba.

Korar ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Inna ba ta iya riƙe damuwa, kafin in isa shagon Kawu labari ya riga ni. Na same shi yana auna wani ƙyaure, fensir a bayan kunne. Bai ɗago ba.

"Auta, na ji an ce kaya sun ɓata a hannunka."

"Ƙarya ce, Kawu."

"Ni ma na fi son ta zama ƙarya." Ya ja layi a katakon. "Amma ka san aikina. Mace za ta bar ni a ɗakin barcinta, sarƙarta a kan madubi, ta tafi kasuwa. Ba guduma nake sayarwa ba, wannan yardar nake sayarwa. Ran da cokali ya ɓata a gidan wani, aka ce ai yaron da Kawu ya kawo dama an kore shi kan sata, me zan ce?"

"Ka ce ɗan yayarka ne."

"Ɓarayi ma suna da kawunnai." Sai a lokacin ya dube ni. "Je ka wanke sunanka. Benci na nan, ba inda zai je."

Na fito kunnuwana na zafi. Tsohon aikin ya tafi, sabon ya tsaya a bakin ƙofa, duk saboda mutum ɗaya da ke ƙyashin biyan takalmin da zai sa a ƙafarsa.

Da farko lallashi na je yi, Allah ya sani. Maigadin gidan ya san ni, ya ce in jira, yanzu mutumin zai fito. Ba a jima ba na ji takunsa a matattakala. Abin da ya fara bayyana ƙafafunsa ne, cikin takalman, ruwan ƙasa, ko ƙura ba su gama ɗauka ba.

"Ranka ya daɗe, ni ne na kawo maka waɗannan."

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Su kaɗai aka yi a duniya?"

"An rufe ni saboda ƙorafinka. Janyewa kawai za ka yi, ba abin da zan ce wa kowa."

"Yaro, kamfanin nan ba zai talauce kan takalmi ɗaya ba. Kai kuma gobe ka sami wani aikin, ku ai kamar ƙuda kuke, ko'ina akwai ku." Ya juya wajen maigadi. "Kada a sake bar min irin waɗannan a ƙofa."

Ya shiga motarsa ya tafi. Maigadi ya bi bayan motar da kallo, ya yi tsaki.

"Tun da ya tare a gidan nan bai taɓa ce min sannu ba," ya ce.

Kwana na yi ina saƙa abubuwa, daga ƙusa a tayar mota har sukari a tankin mai. Kowanne na auna sai in ga ƙarshensa sunan da nake son wankewa zai ƙara baƙi. Da safe na tafi ƙarƙashin gada ba waya mai ƙara, ba akwati a baya, na zauna na ba su labari har da maganar ƙuda.

Birki ya miƙe. "Mu je mu cire masa takalman a tsakiyar titi."

"Zauna," in ji Tsoho. "Kai ko tsayawa ba ka iya ba, balle faɗa." Ya juyo gare ni. "Me kake so a yi?"

"Tunda ƙudaje ne mu, ina so ya ga gidan da ƙuda ya daina zuwa."

Tsoho ya dubi wayarsa. Kowa ya san abin da yake tunani. In oda ta shigo ka ƙi karɓa, manhajar na rage maka daraja, in darajarka ta faɗi sai ta riƙa ba wasu aiki kana zaune. Ba wanda zai iya ƙin odar gida guda kullum ya kwana lafiya.

"Akwai Maƙabarta," na ce.

Bayan ginshiƙin tsakiya na gadar akwai wani lungu da sabis ke mutuwa murus. Nan muke kai waya in muna son mu ɗan miƙe baya, don in manhajar ba ta gan ka ba, ba ta rubuta ka ƙi aiki, sai dai ta ɗauka ka ɓace. Dabarar da na kawo mai sauƙi ce. Odar dogon gida takan faɗa wa waya ɗaya tukuna, ta ɗan jira, sannan ta tsallaka ta gaba. Wanda ta faɗa wa shi zai haƙura ya sha ragin, ya ɗaga murya, sauran wayoyin kuma a ruga da su Maƙabarta kafin ta tsallako.

"Gidan duka?" in ji Tsoho. "Sauran mutanen me suka yi maka?"

"Ba su yi min komai ba. Amma ni ba zan iya hawa in ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Su za su iya."

Ya daɗe yana murza gemunsa.

"Ban da magani," ya ce. "Duk odar da ta fito daga kantin magani za a kai, ko tasa ce. In ba haka ba babu hannuna."

Na yarda, ba don raina ya so ba.

Aka fara a ranar. Wayar wani ta yi ƙara, ya leƙa, ya ce, "Dogon gida." Birki ya cire hular kwanonsa ya bi layi kamar mai karɓar sadaka, kowa na jefa waya, ya kwasa a guje ya shige bayan ginshiƙi. Muka zauna hannu rabbana muna kallon motoci. Odar ta yi ta yawo ba ta sami kowa ba, sai ta tafi neman mahayan nesa. Su ma Tsoho ya riga ya aika musu da labari. Sabbin shiga da ba su san dawan garin ba sukan kai jefi-jefi, amma kafin su iso daga wancan ƙarshen gari abinci ya yi sanyi kamar hancin kare.

Ni da ba ni da aikin yi, sai na mayar da gaban gidan ofishina. Akwai mai shayi a tsallaken titi, nan nake zama. Duk wanda ya sauko yana faɗa da waya yana tambayar me ya sami masu babur, maigadi zai gyara zama ya ce, "Ni dai ban sani ba. Amma a tambayi na hawa biyar inda ya sayi takalmansa." Ban roƙe shi ba, shi ma tasa ramuwar yake yi.

Ba zan manta yammacin da na ga Hawa Biyar ya buɗe bayan motarsa ba. Tukunyar gas, buhun shinkafa, ledoji har da na ƙwai. Ya dubi maigadi, maigadi ya dubi sama. Ya rungumi tukunyar ya fara hawa. Matattakalar gidan tana da tagogi ta wajen titi, don haka ina ganinsa a kowane hawa yana tsayawa, yana dafa bango, rigarsa na manne masa a baya. Na ce wa mai shayi ya ƙara min madara. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan kofin daɗi ba.

Amma abin yana cin namu ma. Darajar Birki ta faɗi, don sau da yawa shi odar ke fara faɗa wa, ya wuni bai yi tafiyar kirki ba. Ya daina yi min barkwancin benci. Wani daga cikinmu ya ce shi fa yana da 'ya'ya, ba zai ci gaba da binne wayarsa saboda takalmin wani ba. Tsoho ya ja ni gefe.

"Igiyar ta kusa tsinkewa, Kafinta. In bai zo ba zuwa ƙarshen mako, zan sallami mutane."

Ban yi barcin kirki ba a kwanakin. In suka janye, ya ci ni ke nan har abada, ya ci takalma, ya ci aikina biyu.

Matan gidan ne suka ƙarasa min aikin. Maigadi ya ce sun tare shi a matattakala, wata mai jego ta ce masa in bai gyara abin da ya ɓata ba, shi zai riƙa ɗauko mata kayan jariri a kansa. Matarsa kuma, da labarin ya kai kunnenta, ta daina fita don kunyar maƙwabta. Ranar da ya rage kwana ɗaya wa'adin Tsoho ya cika, sai ga motarsa ta tsaya a bakin gada. Ya fito da silifas a ƙafa.

"Wane ne shugabanku a nan?"

"Ba mu da shugaba," in ji Birki. "Ƙudaje ne mu."

Ya hango ni, ya matso, ya sassauta murya. "Ƙanena, an sami rashin fahimta. Ashe kwalin yana bayan ƙofa, yara ne suka ture shi. Faɗi abin da zan ba ka a wuce wurin."

"Ba ni da wa a dogon gida," na ce. "Fito da wayarka."

Ya fito da ita. Mahaya suka kewaye shi, kowa na nuna masa inda zai danna, kamar masu koya wa yaro karatu. Ya janye ƙorafin. Ya juya zai tafi.

"Saura ɗaya," na ce. "Kawuna na shago. Shi za ka faɗa wa da bakinka."

Ya ce to mu shiga mota. Na ce lungun Kawu mota ba ta shiga. Ƙarya na yi, tana shiga, har babbar mota kan kawo masa katako. Na karɓi hular Birki, wadda gumin shekaru ya jiƙa, na miƙa masa, na ce doka ce. Ya hau bayana. Na bi da shi ta hanyar bayan kasuwa, inda ramuka suka fi kwalta yawa, ban kauce wa ko ɗaya ba. Ina jin haƙoransa na haɗuwa a bayan kunnena.

Kawu na durƙushe yana ɗaura marfin kabad muka shiga. Hawa Biyar ya soma zancen yara da bayan ƙofa.

"Ba wannan ba," na ce. "Wadda ta faru."

Ya ce na kawo masa kaya har hannu, ya karɓa, ya ce ba su zo ba don a mayar masa da kuɗi. Bai zaci abin zai kai haka ba.

Kawu ya ƙarasa ɗaure ƙusar da ke hannunsa, ya buɗe marfin ya rufe, ya sake buɗewa.

"Na ji," ya ce. "Ka gaida gida."

Mutumin ya dube ni, ko zan mayar da shi wajen motarsa. Na nuna masa bakin titi da haɓa. Kawu ya koma kan kabad ɗinsa, ni kuma ban tambaye shi zancen aikin ba, don na san shi, ba a girbe maganarsa ɗanya.

Na koma gada ina jin ƙirjina a buɗe, amma wutar ba ta mutu ba. Na ce wa Tsoho a ƙara masa mako ɗaya, ya ƙara hawa da tukunyar gas ko sau biyu ne.

"A'a," ya ce. "Mun sha yunwa don sunanka. Ba za mu sha don zuciyarka ba. Je ka ba Birki haƙuri, ya fi kowa asara."

Na ba shi. Ya ce haƙuri ba ya zaunuwa, benci yake jira.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙarar da na kwana biyu ban ji ba. Manhajar ta buɗe, tana yi min barka da dawowa, har da oda a maƙale. Na ɗaga ta sama kowa ya gani, na bar ta ta yi kuka har ta gaji, sannan na goge ta. Na ɗauko akwatin daga gida na tafi ofis, na dire shi a gaban gilashi da ƙarfin da na daɗe ina tanadi.

"Na bar aikin," na ce. "Ni na bari, ba ku kuka kore ni ba. Ki gaya wa na'urar."

"Ajiye can," in ji budurwar, ba ta ko ɗago ba.

Na duba inda ta nuna. Akwatuna ne irin nawa jibge har kusa da rufi. Kafin in kai ƙofa ta miƙa nawa ga na farko a layin masu neman shiga, yana ta murna yana gwada igiyar a kafaɗa. Hawa Biyar dai na samu na sa shi ya hau bayan babur ya faɗi gaskiya. Waɗannan kuwa ko wurin da zan mara ban samu ba, kuma har yau in na tuna raina na tafasa.

Daga nan shagon Kawu na wuce. Yana share garin katako. Na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba.

"An ce ta bayan kasuwa ka biyo da shi," ya ce.

"Hanyar ta fi kusa."

"Ta fi kusa da gidanku." Ya jingina tsintsiyar da bango. "Wata rana mai gida zai zage ka kana tsakiyar sa masa ƙofa. Ƙofar ba ta zage ka ba. Za ka sa ta daidai, ta rufu ba ƙara, sannan ka fito waje ka yi fushinka. Za ka iya?"

Na yi tunani kafin in amsa, don ba na son in fara da ƙarya.

"Ƙofar zan sa ta daidai. Fushin kuma ban san ranar da zai ƙare ba."

"Wannan naka ne, ba na biyan haya a kansa." Ya dubi rigata. "Gobe ka zo da tsohuwa. Wannan ta yi kyau da yawa."